Takardar da Na Rubuta Don a Bar Ni In Yi Aiki Daga Gida

Ni akanta ce a wani kamfani mai zaman kansa da ke sayar da taki da iri da maganin feshi a cikin garin Gombe, yana kuma da rassa a Kumo da Bajoga da Dukku da Billiri. Gidanmu yana Tumfure, ofis kuwa can cikin gari, kusa da babbar kasuwa. Yarana uku, na tsakiyan yana da sikila. Duk uwar da ta reni mai sikila ta san yadda abin yake: yaro zai kwana lafiya, ya tashi ya karya, ya saɓa jakarsa ya tafi makaranta, kafin azahar a bugo miki waya a ce yana ta kuka da ƙafa ko da baya. Da hunturu kuwa, daga Disamba har Fabrairu, ba na barci da idanu biyu.

Ana cikin haka mai ya tashi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin Keke Napep da na acaɓa suka bi ta. Duk ranar da aka kira ni daga makaranta sai in bar teburina, in nemi Napep zuwa Tumfure, in ɗauko shi, mu wuce asibiti ko mu koma gida in yi ta ba shi ruwa ina gasa masa jiki, in ya lafa in sake kama hanyar ofis. Wunin ya tafi, kuɗi sun tafi, aikin kuma yana nan yana jirana.

Aikin nan kuwa mafi yawansa a kwamfuta yake. Rassa suna turo rahoton cinikin rana ta WhatsApp da imel, in shigar, in gwada shi da bayanan banki, in nemo inda aka samu giɓi. Ƙarshen wata in haɗa albashi, in cire harajin kowa wanda dole ya shiga asusun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin 10 ga wata mai kamawa, in cire fansho, kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga kamfani, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Lokacin korona a 2020, da aka rage mutane a ofis, daga falona na yi duk wannan, albashin kowa bai makara ba.

Da baki na fara roƙo. Na sami Manaja bayan la'asar, na gaishe shi, na ce, “Ranka ya daɗe, da za a taimaka a bar ni in riƙa yin wasu ranaku daga gida saboda yaron nan.” Ya saurare ni da kyau, mutum ne mai tausayi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ce, “Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Za mu duba.” Na yi godiya na fito.

Za mu duba ba eh ba ce, ba kuma a'a ba ce, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Watanni suka shuɗe. In na tuna masa, ya ce bai samu zama da Alhaji mai kamfanin ba tukuna. Ni kuma kowace fita sai na je na tsaya bakin ƙofarsa na nemi alfarma, na sa hannu a rajista, na fita ana bi na da kallo. Wata rana jami'ar kula da ma'aikata ta ja ni gefe, cikin mutunci, ta ce jan biro ya yi yawa a gaban sunana a rajista, kuma Alhaji yakan duba ta idan za a yi ƙarin girma. Ranar na koma gida jikina a sanyaye, domin na san ba a taɓa kama ni da kuskuren ko kwabo ba, amma rajista ba ta nuna wannan.

Da ƙaramar Sallar 2024 Hamma ya kira daga Birmingham don mu gaisa. Shi ne babbanmu, ya daɗe a Ingila yana aikin ofis. Muna cikin hira na ba shi labari, sai ya ce, “Ke, da baki kike ta yi? Rubutawa za ki yi.” Ya ce ai kwanaki kaɗan da suka wuce ma, ranar 6 ga Afrilu, sabuwar doka kan neman sauya lokaci ko wurin aiki ta fara aiki a wajensu, kuma shi kansa yana shirin miƙa tasa takardar don ya riƙa kai ƙaramar 'yarsa makaranta.

Daren nan muka daɗe a waya, yana yi mini bayani ina rubutawa a bayan ambulan. Ya ce abin ba sabo ba ne. Tun 2003 aka ba iyayen ƙananan yara damar su nemi a sauya musu lokaci ko wurin aiki, a 2007 aka haɗa da masu jinyar manya, a 2014 aka buɗe wa kowane ma'aikaci da ya yi mako 26 a wurin aikinsa. Abin da ya sauya a 2024, a Ingila da Scotland da Wales, shi ne tun ranar farko da ka kama aiki kana iya nema, kana da damar nema sau 2 a cikin wata 12, kuma dole a yanke maka hukunci cikin wata 2, ba 3 kamar da ba. Ba kuma za a ƙi ba sai an zauna da kai an tattauna. In za a ƙi ɗin, dole dalilin ya kasance ɗaya daga cikin dalilai 8 da doka ta jera.

Na tambaye shi, “To Hamma, in sun ƙi fa?”

Ya ce, “Suna iya ƙi. Dokar ba ta ce a ba ka ba. Cewa ta yi a saurare ka, a amsa maka kan lokaci, a faɗa maka dalili. In suka tsallake wannan tsari ne kake kai su kotun ma'aikata, ita kuma ta sa su sake dubawa, ko ta sa su biya ka diyya wadda ba ta wuce albashin mako 8 ba.”

Da farko sai na ji abin ya yi kaɗan. Doka guda, a ce iyakarta a ba ka amsa? Amma da na kwanta na yi ta juya maganar, sai na ga ai abin da na rasa ke nan tsawon watannin nan. Ban taɓa jin an ce mini a'a ba, ballantana in san me ya sa, ballantana in kawo mafita.

Kafin in rubuta komai na so in san inda na tsaya a dokar ƙasarmu. Ina da ƙawa tun sakandare, lauya ce a nan Gombe. Na ɗauki takardar ɗaukata aiki da ɗan littafin ƙa'idojin ma'aikata na kamfani na same ta a gida ranar Asabar. Ta karanta su tsaf, sannan ta ce kada in yaudari kaina, babu wata doka a Najeriya da ta ba ma'aikaci haƙƙin neman aiki daga gida, ko ta tilasta wa mai kamfani ya amsa. Dokar ƙwadago da muke da ita tun shekarun 1970 aka yi ta, zamanin soja, lokacin da babu wanda ya yi mafarkin intanet. Ta yi maganar a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, ta yi maganar hutun haihuwa na mako 12, har da rabin awa sau biyu a rana ga mai shayarwa, amma ba ta ce komai ba kan inda mutum zai zauna ya yi aikinsa. Ta ƙara da wani abin da ya ba ni mamaki: ma'anar ma'aikaci a wannan doka ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Irina, abin da ke tsakanina da kamfani shi ne yarjejeniyar da muka sa wa hannu. Takardata kuwa ta ce wurin aikina babban ofis ne na Gombe, ko duk reshen da kamfani ya ga dama ya tura ni.

Na ce mata ai na ji wasu jihohi sun rage ranakun zuwa ofis. Ta ce haka ne, Kaduna ta koma kwana 4 tun Disamba 2021, Kwara da Edo sun ce kwana 3 a watan Yunin 2023 bayan cire tallafi, Legas ma ta yi makamancin haka a Fabrairun 2024. Amma duk wannan umarnin gwamna ne ga ma'aikatan gwamnatinsa, wanda ya bayar yana iya janyewa gobe, kuma bai shafi kamfani mai zaman kansa ba. Kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon shari'ar duk abin da ya shafi aiki, tana iya duba yadda ake yi a wasu ƙasashe, amma ƙawata ta ce kada in kuskura in sa ko da ƙamshin kotu a takardata. “In kika nuna musu doka, doka za su nuna miki, kuma ba ta gefenki. Ki ari tsarin kawai, ki bar barazanar.”

Haka na yi. Dare da yawa na kwashe a kan takardar, bayan yara sun yi barci. Abin da dokar Birtaniya ta ce a sa a ciki kaɗan ne: a rubuce, da kwanan wata, da ainihin canjin da kake so, da ranar da kake son a fara, da ko ka taɓa nema a baya. Na sa duk waɗannan. Na nemi kwana 3 a mako daga gida, Talata da Laraba da Alhamis. Na ce a gwada na wata 3, in bai yi ba a koma yadda ake.

Akwai wani sashe da sabuwar dokar tasu ta sauke wa ma'aikaci, wato bayanin yadda canjin zai shafi kamfani da yadda za a magance. A can an ce wannan nauyin mai kamfani ne ya duba. Ni a nan shi ne ya zama rabin takardata, tunda babu abin da zai tilasta wa kowa ya yi mini wannan tunanin. Sai na ɗauko dalilan nan 8 da Hamma ya karanto mini na ajiye a gabana. Su ne ƙarin kashe kuɗi, da kasa biyan buƙatar masu sayen kaya, da rashin yadda za a raba aikin ga sauran ma'aikata, da rashin samun wanda za a ƙara ɗauka, da raguwar ingancin aiki, da raguwar ƙwazo, da rashin isasshen aiki a lokacin da ma'aikacin ke son yi, da shirin sauya fasalin kamfani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina, in da ni ce Alhaji, wanne zan kama? Wasu ba su shafe ni ba sam. Uku ne suka tsaya mini: kuɗi, rabon aiki, da inganci.

A kan kuɗi na ce data da wuta ni zan ɗauka, kamfani ya bar mini kwamfutar da nake aiki da ita kawai. A kan rabon aiki na zauna na ware abin da dole sai da hannu, kamar karɓar ainihin rasit daga direbobi, da sa hannu a takardun biya, da zuwa banki, na nuna duk za su shiga Litinin da Juma'a. A kan inganci na yi alkawarin abin da za a iya aunawa: rahoton jiya ya isa wajen Manaja kafin ƙarfe 11 na safe, a kira ni a same ni daga 8 zuwa 4, in an buƙace ni a ofis in iso cikin awa ɗaya. Na kuma sa layi biyu a kan sirri, domin a kwamfutar nan akwai albashi da lambar asusun kowane ma'aikaci, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Na ce babu yaron da zai taɓa ta, kuma ba zan kwashe komai zuwa wayata ba.

Maganar ɗana jimla biyu kawai na ba ta, na haɗa da takardar asibiti. Maigidana da ya karanta ya ce in ƙara, in faɗi yadda muke kwana a tsaye. Na ƙi. Tausayi na riga na samu, shi ne ya haifar da za mu duba. Wannan karon so nake a duba aikin.

A ƙarshe na roƙi a ba ni amsa a rubuce cikin mako 4. Wannan daga Ireland na aro shi, inda tasu dokar ta fara aiki a Maris 2024: ma'aikaci ya miƙa takarda mako 8 kafin ranar da yake son farawa, mai kamfani ya amsa cikin mako 4, kuma sai mutum ya yi wata 6 a wurin kafin tsarin ya fara. A Ostireliya kwana 21 ne. Na ga mako 4 bai yi tsauri ba ga mutumin da babu abin da ya wajabta masa amsawa.

Kwafi biyu na buga. Na kai wa sakataren Manaja, na ce, “Malam, don Allah a buga mini hatimin karɓa a wannan.” Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, “Hajiya, lafiya dai? Ba barin aiki za ki yi ba ko?” Na ce a'a. Ya buga, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu. Na ninke nawa kwafin na sa a jaka.

Ba a yi mako guda ba sai wuta ta ɗauke. Ranar 22 ga Afrilu ɓata-gari suka lalata turakun babban layin da ke kawo lantarki daga Jos zuwa Gombe, gari ya shiga duhu na makonni, ga zafin bazara, ga ruwa ya yi tsada, masu cajin waya a bakin titi suka cika maƙil. Na san me za a fara tambayata. Adashen da nake zubawa a unguwa ya kusa zuwa kaina, na roƙi uwar adashe ta matso mini da ɗauka, maigida ya cika, muka sa faifan sola biyu da batir da ƙaramar inbata. Ba ta ɗaukar firji, amma tana riƙe kwamfuta da fanka da fitilu da na'urar intanet har dare. Na sayi layi na biyu na wani kamfanin waya daban, saboda a Tumfure in sabis ɗin wannan ya faɗi, na wancan yakan tsaya.

Mako 4 suka cika shiru. Na rubuta tunatarwa mai layi uku, na ambaci ranar da aka buga hatimi, na sake kai wa sakatare. Wannan ce ta motsa abin. Washegari aka ce Alhaji yana son ganina.

Mu huɗu ne a ofishinsa: shi, da Manaja, da jami'ar kula da ma'aikata, da ni. Janareta na ta ruri a waje. Takardata tana gabansa, ya ja layi a wurare da yawa da jan biro, abin da ya faranta mini rai, don na san ya karanta. Alhaji dattijo ne da ya fara da buhu ƙalilan a kasuwa, ya fi yarda da abin da idonsa ya gani. Ya ce, “'Yata, da wace wutar za ki yi aikin?” Na nuna masa hoton solar a waya da rasit ɗin sayenta. Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Mace a gida, ga yara, ga girki, ga baƙi. Aikin gida ba ya barin mace ta zauna.” Na ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe, shi ya sa ban ce a yarda da maganata ba. Na ce a duba ƙarfe 11. Ranar da rahoto bai iso ba, a ƙirga mini.”

Sai ya kawo abin da ban sa a takarda ba, kuma yana da gaskiya. Damina ta kawo kai. Daga Mayu zuwa Yuli tireloli ke sauke taki dare da rana, dillalai suna zuwa da kuɗi a hannu da takardun tura kuɗi na banki waɗanda sai an tabbatar kafin a buɗe sito, wasu ma na jabu ne. A irin wannan lokaci yana son ya leƙo ya gan ni a kujerata. Ban yi musu ba. Na ce a ɗaga farawar zuwa Agusta.

Daga nan ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da nake jin shi ne ainihin damuwarsa: “In na ba ki, gobe kowa zai zo. Me zan ce musu?” Jami'ar kula da ma'aikata ce ta amsa, ta ce, “Alhaji, sai mu ce kowa ya rubuto irin wannan. Wanda aikinsa zai yiwu a duba, wanda ba zai yiwu ba a faɗa masa dalili.” Bai ce komai ba a kan wannan, amma bai ƙi ba.

Amsar ta zo a rubuce bayan kwanaki. Ba duk abin da na nema aka ba ni ba. Kwana 2 ne, Talata da Laraba. Ban da makon haɗa albashi, ban da watannin taki, ban da lokacin da odita, mai binciken lissafi, ya zo. Gwaji na wata 3 daga Agusta, kuma kamfani yana iya janyewa da sanarwar mako 2. Na sa hannu, aka saka kwafi a fayil ɗina.

Zaman gidan ma sai da na koya. Makon farko maƙwabta suka ɗauka an sallame ni, wata har ta shigo yi mini jaje. Da aka gane ina gida, sai aike ya yawaita: a zo aron turmi, a zo a bar mini yaro a je kasuwa, a zo hira. Dada, mahaifiyar maigida, ita ta raba ni da wannan. Ta sa tabarmarta a ƙofar ɗakin da nake aiki, duk wadda ta yi sallama ta ce mata, “Tana ofis, sai la'asar.” Girkin rana kuma tun asuba nake gama shi, kamar ranar da zan fita.

Abin da ban zata ba daga ofis ya zo. Tunda ina gida, sai aka ɗauka kullum ina kan aiki. Kira bayan isha'i, saƙo ranar Lahadi, reshen Bajoga yana son a duba masa lissafi da ƙarfe 10 na dare. Hamma ya ce a Fotugal tun 2022 doka ta hana mai kamfani ya nemi ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura mai ƙarfi. Mu ba mu da wannan, don haka na koma ga takardata: ta ce 8 zuwa 4. Na fara amsa saƙon dare da safe, da gaisuwa da ban-haƙuri, har aka saba.

Yaron ya yi ciwo cikin watannin nan, ba a fasa ba. Bambancin shi ne wata Laraba da malaminsa ya kira, cikin minti kaɗan na isa makarantar. Na tarar da shi a kan benci ya dunƙule, yana riƙe da gwiwa, leɓɓansa sun bushe. Na kawo shi gida, na ba shi maganinsa, na dafa ruwa na gasa masa, na ajiye masa gora a kusa ina tuna masa ya sha. Kafin la'asar ya yi barci a kan katifa kusa da teburina, ni kuma na ƙarasa gwada cinikin Kumo da na banki. Ba mu kwana a asibiti ba a wannan karon. Likitansa ya sha faɗa mini cewa saurin ba da ruwa da magani da ɗumama jiki yana rage tsananin abin, amma daga cikin gari ba na iya saurin.

A Oktoba aka sake shiga duhu, wannan karon kusan duk Arewa, fiye da mako guda, ga litar mai ta haura naira 1,000. Ofis ya koma kunna janareta na 'yan awoyi saboda tsadar dizal. A ranakun nan rahotona daga Tumfure ya riƙa riga na waɗanda ke ofis isa. Da aka zo bitar gwaji a Nuwamba, Manaja ya buɗe imel ɗinsa ya nuna wa Alhaji lokutan da saƙonnina suka shiga. Zaman bai ɗauki lokaci ba, aka sabunta na shekara guda da sharuɗɗan farko.

Na san abin da na samu ba haƙƙi ba ne. In Alhaji ya sauya ra'ayi, ko aka kawo sabon manaja, sanarwar mako 2 ta isa ta rushe shi, kuma babu inda zan kai ƙara. Na kuma san na samu ne don ina da yaya a Ingila, da ƙawa lauya, da adashen da ya saya mini sola, da aikin da kamfani zai sha wuya kafin ya sami madadina. A Ireland ana sukar dokarsu cewa ba ta da haƙora, tunda hukumar da ke sauraron ƙorafi tana duba ko an bi tsari ne kawai, ba ta da ikon cewa dalilin mai kamfani bai gamsar ba. Na fahimci masu sukar. Amma da majalisarmu za ta sa ko da wannan ɗan abin a dokar ƙwadago, a ce duk wanda ya nema a rubuce a zauna da shi, a amsa masa cikin wa'adi, a faɗi dalili, da ya canza rayuwar mutane da yawa da na sani, kuma ba zai ci wa kowane kamfani ko sisi ba. Ba kuma masu kwamfuta kaɗai zai amfana ba. Dokar Birtaniya ta haɗa da sauya awoyi da lokacin shiga da fita, abin da direba da mai gadi da mai tsaron sito su ma suke buƙata.

Akwai wani matashi a wajenmu, akawun sito, shi ke rubuta buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita. Mahaifinsa yana da ciwon ƙoda, ana yi masa wankin ƙoda Litinin da Alhamis da safe, kuma shi kaɗai ne namiji babba a gidan. Ya daɗe yana roƙo da baki, har an taɓa ba shi takardar tuhuma kan makara. Bayan an sabunta nawa ya same ni a bakin ofis ya ce, “Adda, ki taimaka ki rubuta mini irin taki.” Na ce masa ba zan rubuta masa ba, amma zan zauna da shi ya rubuta da kansa, don shi za a yi wa tambayoyi.

Da muka bi dalilan nan 8, shi da kansa ya ga aiki daga gida ba zai yiwu masa ba, buhu sai an gan shi ake ƙirga shi. Sai muka sauya buƙatar: ranakun wankin ƙoda ya shigo da ƙarfe 12, ya tashi da 6, ya kuma riƙa zuwa Asabar da safe, ranar da manyan motoci suka fi sauke kaya kuma ake rasa mai rubutu. Ya sami abokin aikinsa ya yarda zai riƙe masa littafin sito da safen, suka sa hannu tare. Ya kai kwafi biyu, aka buga masa hatimi.

An amsa masa cikin mako 3. An yarda da Alhamis, an ƙi Litinin, aka rubuta dalili: ranar ce ake ƙidayar kayan mako, kuma dole mai riƙe da littafi ya kasance a wurin. Ya ɗauki takardar ya je asibiti ya nuna, ya roƙi a mayar da wankin Litinin zuwa yamma. Sun ce za a samu gurbi a wata mai zuwa. Kafin nan ƙanwarsa ce ke raka mahaifin ranar Litinin, shi kuma ya biya musu kuɗin Napep.